Aikin Alƙaluma Da Na'ura: Lacca Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Musawa

Wannan lacca an shirya ta ne domin hakimai da magatakardansu da malaman ofis na ƙasar Musawa, da maƙwabtansu na wajen Malumfashi da Funtua, waɗanda rubuta jama'a da gonaki da dabbobi ya ke bi ta hannunsu. Abin da a ke nufi shi ne a bayyana yadda a ke aiki da manhajojin kwamfuta masu sarrafa alƙaluma mataki-mataki, a kuma nuna hanyar da malami zai bi ya gama aikinsa da wuri, ba tare da ya zubar da sunan talaka ko ɗaya a hanya ba.

AIKIN BA BAƘO BA NE

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa baitulmalin En'e, aka kuma tsananta rubuta masu biyan haraji da shanun jangali kowace shekara. Mai unguwa ya kan ƙidaya magidantan unguwarsa ya kai wa dagaci. Dagaci ya tara na unguwanninsa ya kai wa hakimi. Malamin hakimi kuwa ya zauna da kundin bara, ya fid da wanda ya rasu da wanda ya yi ƙaura, ya shigar da saurayin da ya isa biya, ya haɗa jimla, sa'an nan a aika birni. In jimla ta ƙi daidaita da kuɗin da aka kai, an san ƙofar da za a fara tambaya, domin kowane mataki yana da mai shi.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ta ke cikinta a lokacin, kafin a ba ta jiharta a 1987. Amma rubuta jama'a bai ƙare ba, sai dai ya juya. A da a kan rubuta mutum domin a karɓa daga hannunsa, saboda haka ya kan ɓuya. Yanzu yawanci a kan rubuta shi domin a ba shi, saboda haka wani ya kan so a rubuta shi sau biyu. Irin wannan rubutu aka yi a 2012, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rubuta manoma da lambobin wayarsu domin a sayar musu da takin zamani da rangwame. Shi aka yi kuma bayan 2015, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin ba manoma rance. Haka a ke yi a wajen rigakafi, da rabon agaji, da shigar da yara makaranta.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Musawa mutum fiye da 170,000, an kuwa ƙaru tun daga nan. Kundi da alƙalami ba su iya biye wa wannan yawa a cikin wa'adin da a ke ba ofisoshi. Shi ya sa na'ura ta shigo.

YADDA MANHAJAR TA KE

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gurzar auduga a Funtua ya san ba a tsalle ɗaya a ke gama ta ba. A kan auna ta, a fid da datti, a gurje a raba ta da angurya, a matse, a ɗaure, a sa wa ɗaurin lamba. Manhajar nan haka ta ke yi da alƙaluma. Malami ya kan jera ƙananan akwatuna a fuskar kwamfuta daga hagu zuwa dama, ya haɗa su da zane kamar zare. Kowane akwati aiki ɗaya ya ke yi: na farko ya karanta rijista, na biye ya gyara rubutun sunaye, wani ya tace, wani ya haɗa rijista biyu, na ƙarshe ya fitar da jimla. A cikin wannan lacca za a kira kowane akwati zango, jerinsu duka kuwa a kira shi hanya. Ita rijista a cikin kwamfuta tana da layi da rukuni. Kowane mutum layinsa ɗaya a kwance, kowane irin bayani kuwa rukuninsa ɗaya a tsaye, kamar rukunin suna, da na ƙauye, da na faɗin gona.

Manhajojin suna da yawa. Akwai KNIME, wadda ta fito daga Jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus a 2006, ana samun ta kyauta. Akwai Orange, ta Jami'ar Ljubljana, ita ma kyauta ce. Akwai Alteryx, ta wani kamfanin Amurka, ita da kuɗi a ke sayen izinin aiki da ita. Akwai kuma Power Query, wadda ta ke cikin Excel tun daga fitowar 2016. Ita ba ta jera akwatuna, sai dai ta rubuta matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, amma manufar ɗaya ce. Wajen ɗauko bayani daga ƙauye da waya a kan yi amfani da KoboToolbox ko ODK. Ma'aikatan lafiya kuwa suna aika rahotonsu na wata-wata ta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ke kula da ita.

Amfanin hanya iri biyu ne. In an shimfiɗa ta sau ɗaya, wata mai zuwa sai a sa sabuwar rijista a bakinta, aikin kwana uku ya ƙare kafin azahar. Sa'an nan kowa yana iya ganin abin da aka yi wa alƙaluma a kowane zango. Amma wannan amfani ba ya samuwa sai an kiyaye ka'idodi goma da ke biye.

NA ƊAYA: A SAN TAMBAYA KAFIN A KUNNA NA'URA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin malami ya ɗora zango ko ɗaya, ya kamata ya rubuta a takarda wanda ya nemi aikin, da abin da ya ke so ya sani, da ranar da ya ke bukata. Mai cewa a kawo masa yawan manoma bai gama magana ba tukuna. Manoman masara ya ke nufi, ko duk mai riƙe da fartanya? Da matan da ke da gayauna, ko ban da su? A kowace mazaɓa, ko a gunduma gaba ɗaya?

Kalmar gida ma tana da fuska biyu. Wani dagaci zai ɗauki ƙofa ɗaya gida ɗaya, ko da magidanta biyar ne a ciki suna noman gandu. Wani kuwa zai ƙidaya kowace tukunya. In Jikamshi ta ƙidaya ƙofa, Tuge ta ƙidaya tukunya, na'ura za ta haɗa su ba tare da ta ce uffan ba, rabo kuwa ya fito a karkace. Lalle ne hakimi ya tara dagatai ya yanke ma'ana ɗaya kafin a fita rubutu.

NA BIYU: KADA A TAƁA ASALI

Abin da dagaci ko ma'aikacin ƙauye ya kawo, a takarda ne ko a fayil, shi ne asali. A ajiye shi a folda ta dabam, kada a goge harafi ko ɗaya a cikinsa. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a cikin zango, inda zai bar sawu. Malamin da ya buɗe asali ya sauya 50 ya mai da ita 5 da hannunsa, ko da gaskiyarsa, ya rasa shaida ranar da mai gona ya zo ƙara. Wanda ya yi gyaran a zango kuwa sai ya nuna abin da aka kawo, da abin da ya sauya, da dalilinsa. In kuma daga baya ya ga shi ne ya yi kuskure, zango ɗaya zai cire, komai ya koma yadda ya ke.

NA UKU: FAM ƊAYA, AWO ƊAYA

Mafi yawan lokacin malami ya kan tafi ne wajen daidaita rijistocin da suka zo da siffa dabam-dabam. Maganin wannan tun a ƙauye ya ke. A ba kowa fam iri ɗaya, rukunansa a jere ɗaya, kada wani ya ƙara nasa.

Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, watau eka 2.47. In wani ya rubuta gona da eka, wani da hekta, a cikin rukuni ɗaya, mai ƙaramar gona zai sami rabon babba. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhun masara a kan ce kilo 100, amma cikarsa ta kan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, haka kuma tiya da mudu. A rubuta irin awon a kan rukuni sau ɗaya, a cikin gurbi kuwa a sa lamba zalla. Wanda ya rubuta buhu 5 a gurbi ya hana na'ura tarawa, domin ta ɗauke shi magana.

Kwanan wata ma abin lura ne. In an rubuta 3/4/2024, mutumin Nijeriya zai karanta 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa ta karanta 4 ga Maris. Abin da ya fi shi ne a fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar haka: 2024-04-03. In an kawo kwanan watan Musulunci, a ba shi rukuninsa dabam.

NA HUƊU: A BA KOWANE ƘAUYE DA KOWANE MUTUM LAMBA

Na'ura ba ta san Muhammadu da Mamman da Muh'd suna iya zama mutum ɗaya ba. Ba ta san Ɗanladi mai lanƙwasa da Danladi marar lanƙwasa suna ɗaya ne ba. Excel kuma ta kan ɓoye waƙafin sama in shi ya fara kalma, saboda haka ƙauyen da sunansa ya fara da 'Yan ko 'Yar ya kan fito ba shi. Ga kuma Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Liman, waɗanda kusan kowace ƙasa tana da nata. Don haka kada a haɗa rijista biyu da suna. A yi takarda ɗaya ta ƙauyuka da unguwanni duka, hakimi ya amince da rubutunsu, a ba kowanne lambar da ba ta sakewa, kowace hanya kuma ta riƙa ɗauka daga nan. Wajen adana fayil a zaɓi tsarin haruffa mai suna UTF-8, shi ne ya ke riƙe ƙ da ɗ da ɓ ba su lalace ba.

Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, da sifiri ta ke farawa. In na'ura ta ɗauke ta abin lissafi sai ta yar da sifirin, saƙon taki ya rasa inda zai je. Tun a zangon farko a gaya mata lambar waya, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar shaidar banki, duk rubutu ne, ba a tara su ba a raba su.

Akwai zango mai fid da maimaici, yana da amfani, yana kuma da haɗari. Musa ɗan Ibrahim biyu a Gingin suna iya zama mutum biyu. Gida ɗaya kuma ya kan ba da lambar waya ɗaya, ta maigida, ga matansa da mahaifiyarsa. In an ce wa na'ura ta bar mutum ɗaya ga kowace lamba, matan nan ne za su fita. A ware waɗanda a ke shakka a rijista dabam, a aika wa dagaci ya tantance. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

NA BIYAR: A TACE DA WURI, A GWADA DA KAƊAN

Sau da yawa fayil ya kan zo daga Katsina ɗauke da ƙananan hukumomi 34 na jiha gaba ɗaya, alhali kuwa na Musawa kaɗai a ke bukata. Zango na biyu, bayan na karantawa, ya zama na tacewa. A fid da layukan da ba na nan ba, a fid da rukunan da tambaya ba ta shafa ba. Kwamfutar ofis ba ta da ƙarfi ainun, in an rage mata kaya tun daga farko kowane zango na gaba zai yi sauri. Haɗa rijista da jera ta su ne su ka fi cin lokaci, a bar su sai bayan tacewa.

Sa'ad da a ke shimfiɗa sabuwar hanya kada a sa rijista duka. A ɗauki layi 100 a gwada, a duba abin da ya fito daga kowane zango kafin a ɗora na gaba. In hanya ta miƙe, sa'an nan a saki sauran. A KNIME kowane zango yana da fitila uku a ƙarƙashinsa. Ja na nufin ba a saita shi ba tukuna, rawaya na nufin ya shirya, kore na nufin ya gama. Zangon da ya yi kore yana riƙe da sakamakonsa, saboda haka wanda ya gyara zango na takwas ba ya bukatar ya sake tayar da bakwai na baya.

NA SHIDA: A ƘIDAYA LAYI A KOWANE ZANGO

Wannan ita ce babbar ka'ida, ita ce kuma wadda malaman haraji na da su ka fi kiyayewa. A ƙaddara dagatai sun kawo sunan manoma 1,200. An haɗa da rijistar banki, sai 1,140 su ka fito. Fitila ta yi kore, na'ura ba ta yi ƙorafi ba, amma mutum 60 sun faɗi a hanya domin lambarsu ba ta sami abokiyar haɗi ba. Ranar rabo za su zo da jakunansu su koma ba komai, ƙofar hakimi kuwa za su nufa. Wani lokaci kuma sai 1,260 su fito, domin lamba ɗaya ta bayyana sau biyu a ɗaya rijistar, na'ura ta ninka masu ita.

Zangon haɗawa yana da ƙofar da marasa abokin haɗi su ke fita. Lalle ne malami ya buɗe ta kowane lokaci ya ga ko su wane ne. Ya kuma riƙe ɗan littafi, ya rubuta yawan layin da ya shiga kowane zango da wanda ya fita. Waɗanda su ka wuce, a tara da waɗanda aka ware, dole su koma 1,200.

Kada a zaci ƙananan ofisoshi kaɗai wannan ya ke samu. A ƙasar Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, sakamakon mutum 15,841 waɗanda aka samu da cutar korona ya ɓace daga rahoton hukumar lafiya. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, ko da ya ke sabon tsarin yana ɗaukar 1,048,576. Da fayil ya cika, sauran su ka zube shiru, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda su ka cuɗanya da masu cutar ba.

NA BAKWAI: GURBIN DA BA KOMAI BA SIFIRI BA NE

Sifiri na nufin an je an duba ba a sami komai ba. Gurbi fayau kuwa na nufin ba a sani ba. A ƙaddara ƙauyuka goma ne, takwas sun kawo yawan buhunan da su ka noma, biyu ba su kawo ba. In an cika gurbinsu da sifiri, matsakaicin amfanin gona zai faɗi, a ce ƙasa ta yi rashi alhali ba ta yi ba. A wajen rigakafi kuwa, in an sa sifiri a yawan yaran ƙauyen da ba a je ba, ba wanda zai sake aika ma'aikaci can.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun da fitinar 'yan bindiga ta shafi wannan yanki. Wani ƙauye mutanensa sun tashi sun koma gari, wani kuwa suna nan amma ma'aikaci bai iya isa ba. A buɗe rukuni na dalili, a rubuta ko an tashi, ko ba a isa ba, ko an ƙi amsawa. Waɗanda su ka tashi a bi su inda su ka sauka, kada su rasa can su rasa nan.

Bayan haka a jera kowane rukunin lissafi daga babba zuwa ƙarami, a dubi na sama da na ƙasa. Gona mai hekta 500, ko tsoho mai shekara 150, ruwa ba ya tsami banza. Yawanci yatsa ne ya zame, amma kada malami ya gyara da ka. Ya tambaya.

NA TAKWAS: A RUBUTA BAYANI, A GINA SAU ƊAYA

Kowace manhaja tana da wurin rubuta bayani a kan zango. A rubuta da Hausa sarai, kamar a ce, an mai da eka zuwa hekta, ko an ware masu lambar waya ɗaya. Malami ya kan manta abin da ya yi bayan wata uku, ya kan kuma sami canjin wurin aiki. Hanyar da mai ita kaɗai ya iya bi, ranar da ya kwanta ciwo ofis ya tsaya. Gwajin hanya mai kyau shi ne a ba wani malami ita, ya tayar da ita ba tare da ya tambayi kowa ba.

Sunan fayil ya fara da kwanan wata, sa'an nan wuri, sa'an nan aiki. A daina sa wa fayil suna na ƙarshe, domin gobe za a yi wani na ƙarshen. Abubuwan da su kan sake, kamar shekara da sunan gunduma da farashin buhu, a ajiye su wuri ɗaya a farkon hanya, kada a warwatsa su cikin zanguna ashirin. Zangunan da a ke maimaitawa a kowane aiki, kamar na gyara sunan ƙauye da lambar waya, ana iya ƙulle su su zama akwati ɗaya, a riƙa ɗauko shi duk sa'ad da aka bukata.

NA TARA: A YI SHIRIN WUTA DA WAYA

Wutar lantarki ba ta yin sallama in za ta tafi. A adana aiki bayan kowane zango. A riƙe kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da a ke kullewa a wani ɗaki, a sabunta shi kowace Juma'a. Aiki mai nauyi a yi shi da safe, sa'ad da batir ya ke cike.

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtua da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Ofishin da duk aikinsa ya dogara ga intanet ya ga ta kansa. KNIME da Orange da Excel suna aiki ba intanet in an girka su a kwamfuta. Wayar da ke ɗauke da fam na KoboToolbox ko ODK kuma tana riƙe amsoshi har ta sami layi ta aika. A zaɓi kayan aiki da wannan a zuci.

NA GOMA: SIRRIN JAMA'A AMANA NE

Rijistar da ta nuna wane yana da shanu kaza, ya noma buhu kaza, ga lambar wayarsa, ga ƙauyensa, in ta faɗa hannun mugu ta zama jagora zuwa ƙofar gidansa. Kada a aika irinta a zauren WhatsApp. Kada a kai ta shagon buga takardu a bar kwafi a kwamfutar mai shago. Kada a zuba ta a shafin intanet mai amsa tambayoyi domin ya taya lissafi. A sa wa kwamfuta da filash kalmar sirri. Rahoton da za a aika sama, in jimla aka nema, a sa zango na ƙarshe ya cire sunaye da lambobi, a aika jimla kaɗai. A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin wannan bayani alhakin tsare shi.

ABIN DA YA RAGE GA HAKIMI

Ba a ce hakimi ya zauna gaban kwamfuta ba. Amma hatiminsa ne a kan takarda, shi kuma Sarki zai tambaya. Kafin ya sa hannu ya kamata ya yi wa malaminsa tambaya huɗu. Ina asalin da dagatai su ka kawo? Mutum nawa su ka shiga hanya, nawa su ka fita? Su wane ne aka ware, don me? Wa ya ga wannan rijista ban da mutanen ofis? Malamin da ya kiyaye ka'idodin nan zai amsa duka kafin a sha ruwa. Wanda ya shiga kame-kame, a mayar masa da aikin.

Sa'an nan hakimi ya zaɓi suna biyar ko goma da kansa, daga wurare dabam-dabam na rijista, ya aiki amintacce ya je ya ga mutanen da gonakinsu. Gani ya kori ji. In rabo za a yi, a karanta sunaye a ƙofar dagaci kwanaki kafin ranar, sunaye kaɗai, ban da dukiya da lambar waya, domin wanda aka tsallake ya yi magana tun ana iya gyarawa.

Yaƙi da shan inna ya nuna amfanin haɗa na'ura da sarauta. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Daga baya masu rigakafi su ka riƙa yawo da wayoyi masu nuna inda su ka taka, aka kuma zana taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga ƙauyuka da rugage waɗanda ba su cikin taswirar hannu ta da. Na'ura ta ga rufin ɗakuna daga sama, amma dagatai da masu unguwanni ne su ka faɗi sunan wuraren, su ka kuma shige gaba aka buɗe wa ma'aikata ƙofa. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a yankinta na Afirka.

Malami ya shimfiɗa hanyarsa sau ɗaya da natsuwa, ya bar asali yadda ya zo, ya ƙidaya layi a kowane zango. Hakimi kuwa kada ya sa hannu a kan jimlar da ba za a iya bin sawunta har ƙofar gidan mai suna ba. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba hakimai da malamansu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kawo damina mai albarka. Amin.